Dutsen Matsar Mai a Tarhuna

Yayana ya rasu bara, ana tsakiyar girbin gero. Ba zan yi maganar ciwon ba. Tun daga lokacin nake son in rubuta wani abu a kansa, amma duk sanda na ɗauki biro sai in rasa ta inda zan fara. Daga baya na ga gara in ɗauki yini ɗaya kawai, wata Juma'a da muka yi tare a ƙasar Libiya, a wani kufai na Rumawa wanda ko allon suna ba shi da shi. Sai dai kafin in kai can, dole in faɗi abin da ya kai shi ƙasar, da abin da ya kai ni.

Ƙauyenmu yana gabas da Ɗambatta. Wajenmu babu daji, gona a jikin gona take har iyakar ganinka, kuma kowace bishiya da mai ita. Abin da yake raba gonar wani da ta wani layin gamba ne, ciyawar nan mai tsayi da ake saƙa zana da ita. Wanda ya dasa ta ya mutu, jikokinsa suna nan suna kallonta.

Shekarar da Baba ya sayi shanun huɗa, Yaya ne yake riƙe da garmar. Yana da ƙarfi, yana da sauri, kuma yana son a ga aikinsa. Wata rana yana huɗa a gefen da muka yi iyaka da Baffa, ƙanin Baba, sai garmar ta tumɓuke gambar, ta shiga gonar Baffa da kunya ɗaya. Har yau ban san ko da gangan ne ba. Shi dai ya ce shanun ne suka karkace. Baffa bai zo gida ba, a ƙofar masallaci ya tayar da maganar bayan la'asar, mutane suna sa takalma. Baba ya juya ya dubi Yaya a gaban kowa ya ce, "Ni ban haifi mai cin iyaka ba."

Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Yaya ya ƙarasa aikin daminar, aka yi girbi, aka kai amfani rumbu, sai ya ce zai tafi ci-rani. Lokacin bai yi aure ba. Wasu suna komowa da faɗuwar ruwa, shi bai komo ba. A shekara ta huɗu Baba ya kwanta, kwana tara Allah ya karɓi abinsa. A waya na gaya wa Yaya. Ya yi salati, ya ce in gai da Inna, ya kashe.

Yaya shi ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta faɗin sunansa. Ban taɓa ji ta faɗa ba ko sau ɗaya. In za ta yi maganarsa sai ta ce "mutumin can" ko "wancan", kuma ba ta dubansa a ido in da mutane. Baba ma haka yake. Mu da muka taso a ciki ba mu ɗauke shi komai ba, alkunya ce irin ta iyayenmu. Amma a shekara ta bakwai da tafiyarsa yanar ido ta fara rufe wa Inna idanu. Na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma in ka tsaya a ƙofar ɗaki inuwarka kawai take gani sai ka matso. Na lura duk wanda ya yi sallama da babbar murya sai ta tsayar da abin da take yi.

Bayan kaka na ce mata zan bi wasu 'yan garinmu zuwa Libiya. Ba ta ce je ka ba, ba ta ce kar ka je ba. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da shi ta yi mana sutura tun muna yara. Ranar da zan tafi ta ɗaure mini ƙuli a leda, ta cika wata kwalba da mai, ta naɗe bakin da tsumma.

"In ka gamu da mutumin can," in ji ta.

"Wane mutum, Inna? Mutane da yawa ne a can."

"Ka fi ni sani, ɗan nema. Ka ce masa damina tana tafe."

"Shi ke nan saƙon?"

"To me kake so in ce? Shi bai san damina ba ne?"

Na gane abin da aka aike ni. Ana so in taho da shi tun tana iya ganin fuskarsa.

Hanyar ba zan daɗe a kanta ba. Damagaram, Agadas, sannan sahara a bayan babbar mota, mutum a kan kaya, kaya a kan mutum. Wannan kafin ƙasar ta rikice ne. Ƙulin bai kai ba, abokan tafiya suka taya ni cinye shi, saura guda goma sha wani abu da na ɓoye a aljihun jaka. Kwalbar kuwa a cikin riga na rungume ta har Tarhuna, wani gari a kan tudu kudu da Turabulus, inda Yaya yake aiki a gonar zaitun ta wani dattijo.

Na same shi ya yi furfura a gemu, alhali bai kai arba'in ba. Larabci a bakinsa kamar a can aka haife shi. Ya rungume ni, ya riƙe kafaɗuna yana dariya, ya ce, "Alaramma, kai ne ka zama ƙato haka?" Alaramma yake ce mini tun ina yaro, don na fi shi zama a makarantar allo, kuma na yi firamare na gama. Na ba shi kwalbar da sauran ƙulin. Ya ci ƙuli ɗaya a tsaye. Kwalbar kuwa ya ɗora ta a kan taga, bai kwance tsumman ba. Na isar da saƙon Inna kalma da kalma. Ya ce, "Allah ya kawo ta lafiya," ya tambaye ni ko na iya hawa tsani.

Wata uku na yi muna tsinkar zaitun muna kaiwa injin matsa. Duk sanda na kawo zancen gida sai ya tuna akwai famfon da bai kashe ba, ko tunkiyar da ba ta shigo ba. Na gaya masa halin idon Inna. Ya ce akwai wani magani na ɗigawa, zai saya in tafi da shi. Har aka tsayar da ranar tafiyata, Lahadi, ban samu ko rabin alkawari ba.

Ranar Juma'ar ƙarshe, da muka fito daga masallaci, ya sayi burodi, ya cika jarka ƙarama da ruwa, ya ce, "Taho in nuna maka wani abu, kar ka koma gida ka ce ba ka ga komai ba sai itace."

Mun yi tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a ƙasa. Ƙasar can da sanyi ake ruwa, don haka lokacin da gida yake ƙone ƙurmus, can ko'ina kore shar, ga wasu furanni rawaya ƙanana har cikin hanya. Jar ƙasa ce mai duwatsu, tudu bayan tudu. Muka wuce gonaki, muka shiga inda babu shuka sai tumaki. A nan muka tarar da wani tsoho makiyayi, ya naɗe jikinsa da farin bargo. Yaya ya gaishe shi suka yi 'yar hira. Da tsohon ya ji inda za mu, sai ya nuna tudun gabanmu da sanda ya ce, "Asnam."

Larabcina na karatu ne, ba na hira ba, amma wannan kalma na san ta sarai. Gumaka ke nan. Na tsaya.

"Yaya, me ya ce?"

"Ka ji shi ai."

"Wajen gumaka za ka kai ni? Ranar Juma'a?"

"To da wace rana ake zuwa? Taho mana, Alaramma. Ba kai ne mai addu'o'i ba?"

Na bi shi ba don ina so ba. Da muka hau tudun sai na gan su. Duwatsu ne manya, sassaƙaƙƙu, biyu-biyu a tsaye, kowanne ya fi mutum biyu tsayi, an ɗora na uku a kansu a gicciye, kamar ƙofar da ba ta da ɗaki. Tsakanin biyun ƙunci ne, da kyar mutum zai ratsa a karkace. Na ƙirga guda biyar a jere, biyu sun faɗi. A jikinsu ta ciki an fafe ramuka masu kusurwa huɗu, wani sama da wani. Babu kowa a wurin, babu shinge, babu mai gadi. Iska kawai, da kashin tumaki, da fasassun tukwane jajaye birjik a ƙasa.

Na fara neman tsari a bayyane. Na karanta duk abin da ya zo bakina, na tofa dama na tofa hagu. Yaya ya zauna a kan wani dutse ya bar ni sai da na gama.

"Ka gama? Akwai saura biyu can baya, su ma ka tofa musu."

"Ba abin wasa ba ne, Yaya."

"Su wa suka gina, a ganinka?"

"Kafiran farko mana."

"Rumawa ne," in ji shi.

Wannan ya ƙara mini tsoro. Ni a karatu na san Rumawa, kuma a yadda na ɗauka sarakuna ne da runduna, masu sulke da dawakai da gidajen tsafi. Ban taɓa kawo wa raina cewa Barume yana cin abinci ba ma.

"Zo nan," ya ce. "Kai ɗan mai ƙuli ne ko ba shi ba ne? Durƙusa ka duba wannan."

A gaban ɗaya daga cikin ƙofofin akwai wani faffaɗan dutse a kwance, faɗinsa ya kai tabarma. Ƙasa ta rufe rabinsa. Yaya ya sa gefen takalminsa ya share. Sai ga wani kwari da aka sassaƙa a kansa, zagaye kamar bakin faifai, faɗin yatsa uku. Daga zagayen wata 'yar hanya ta fita zuwa bakin dutsen, ta ƙare da ɗan leɓe.

"Nan suke yanka," na ce. "Jinin ya bi nan."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya buɗe jarkar ya tsiyaya ruwa kaɗan a cikin kwarin.

"Yaya! In wani ya hango mu ai cewa zai yi tsafi muke."

"Yi shiru ka kalla."

Ruwan ya rabu biyu, ya bi zagayen ta dama da ta hagu a hankali yana tura ƙura, ya haɗu a bakin 'yar hanyar, ya gangara ta leɓen, ya ɗiga cikin wani rami mai kusurwa huɗu da ke ƙasa. Ramin an shafe cikinsa da wani abu ja-ja mai santsi kamar siminti, har yau bai fashe duka ba. Ina kallon ɗigar nan sai na ji kamar na san ta. Inna tana da wani dutse a gindin ɗakin girki, ta tokare bayansa da ɓarin tukunya don ya karkata. In ta gama juya gyaɗar a turmi da ruwan zafi, ta kwashe man farko, sai ta ɗora tunkuzar a kan dutsen ta danna da tafin hannu biyu, ta sa nauyin jikinta duka. Man yakan taru a gefe, ya bi wata 'yar tsaga da ta gaji da bi, ya ɗiga a kwano. Ni ne mai riƙe kwanon tun ban kai shiga makaranta ba.

Na ɗago na dubi dogayen duwatsun, na dubi ramukan jikinsu.

"Mai," na ce. "Mai suke matsa."

"Alhamdu lillahi, karatu ya yi rana."

Ya tashi ya nuna mini yadda abin yake. Wani ƙaton gungumen itace ake sa kansa tsakanin duwatsun biyu, a tokare shi da sanduna a ramukan nan. Ɗaya kan kuma yana can nesa, an ɗaure shi da wani dutse mai nauyi. Ya kai ni ya nuna mini dutsen, yana nan cikin ciyawa da gurbin da aka fafe masa. Zaitun da aka niƙa ana zuba shi a kwanduna, a jera su a kan faffaɗan dutsen, a sauko da gungumen ya danne. In kwandunan sun lotsa sai a mayar da sanda ramin ƙasa. Ya ce shi ma da farko gumaka ya ɗauka, domin sunan da mutanen wurin suke kiran su da shi ke nan tun kakanninsu. Sai da ya shekara biyu yana aiki a injin matsa, wata rana ya biyo ɓatacciyar tunkiya ya zauna a nan, ya ga zagayen, ya gane. Daga baya wasu masu binciken tarihi suka zo da igiyar awo, ya tambaye su, suka ce haka ne.

"Manoma ne, Alaramma. Irinmu. Wani ya tashi da asuba a nan yana faɗa da ɗansa a kan bai ɗaure jaki ba."

Muka zaga wurin. Akwai rijiyar tara ruwan sama, bakinta ya sha igiya har ya yi tsagi-tsagi. Akwai daɓen wani ɗaki da ƙananan duwatsu farare da baƙaƙe, an jera su kamar saƙar tabarma, saura kamar faɗin sallaya. Na tsinci hannun wani tulu, na sa yatsana a inda maginin ya danna da nasa, ya zauna daidai. Ban san dalili ba, wannan ya fi komai tsaya mini a rai. Na so in sa a aljihu, Yaya ya ce in mayar, ba namu ba ne.

Muka zauna a inuwar ɗaya daga cikin ƙofofin, wadda ɗazu nake tofa wa addu'a. Ya fito da burodin. Sai na ga ya sa hannu a aljihun rigar sanyinsa ya fito da kwalbar Inna. Ya kwance tsumman a hankali, ya shinshina, ya daɗe bai sauke ba. Ya tsiyaya a murfin jarka muka riƙa dangwala.

"Shekara bakwai ina cin na zaitun," ya ce. "Suna ta yabonsa. Ɗaci gare shi."

Daga inda muke ana hango kwarin da ke ƙasa. Ya nuna mini wasu layukan duwatsu, gajeru, sun ratsa kwarin sun hau tudun can, wasu sun gicciye su.

"Ka ga gonakinsu. Ka ga iyakar wannan, ka ga ta wancan. Su da dutse suke yi." Ya gutsuri burodi bai ci ba. "Da mu ma da dutse muke yi, da shanu ba su kawo ni nan ba."

Wata uku ina neman ƙofar maganar nan, da ta buɗe kuma sai na ji tsoro.

"Kana wurin lokacin da Baba ya cika?" ya ce.

"Ina wurin."

"Har ƙarshe?"

"Ni na rufe masa ido."

"Me ya ce?"

Na san abin da yake tambaya. Na kuma san abin da zan faɗa ya tashi ya haɗa kayansa. Kalma uku ce ko huɗu, in ce Baba ya ce ya yafe. Babu wanda zai ƙaryata ni, Inna ba za ta taɓa tayar da zancen ba. Na yi ta juya abin a raina tun a sahara, har na shirya yadda zan faɗa. Amma da ya juyo ya dube ni sai na kasa. Ban iya yi wa mamaci ƙarya ba, ko da mai daɗi ce.

"Bai ce komai a kanka ba, Yaya."

Ya gyaɗa kai kamar dama abin da yake jira ke nan. Ya mayar da tsumman a bakin kwalbar.

"Ya yi maganar rabon gero, ya ce a ba Baffa dami biyar. Ya ce kar a sare ɗorawar gonar gabas. Ya yi mana wasiyya da salla." Ina ta lissafowa ne don kar shirun ya yi yawa. "Sai maganar garma. Shi ke nan."

"Wace garma?"

"Ta hannu. Wadda take rataye a bayan rumbu. Ya ce kar a ba kowa aronta, kuma a riƙa shafa mata mai kar ta yi tsatsa. Sau biyu ya faɗa. Mun ɗauka zafin ciwo ne."

"Mai ƙotar marke?"

"Ita."

"Wadda bakinta ya ɗan karkace ta hagu?"

"Ita dai."

Sai a lokacin na tuna ta wa ce. Baba ne ya kai Yaya wurin maƙeri a kasuwar Ɗambatta aka ƙera masa ita daidai tsayinsa, shekarar da ya fara huɗa shi kaɗai. Ni ina ƙarami sosai. Shekara uku ina wuce garmar nan kullum ban taɓa tambayar kaina ba.

Yaya ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da wani ɓarin tukunya. Ya daɗe. Tumakin tsohon nan suka hauro tudun suna kiwo a tsakanin duwatsun, ɗaya ta zo tana lasar inda muka zuba ruwa.

"Ana shafawar?" ya ce, bai ɗago ba.

"Inna take shafawa. Duk kaka, da man farko."

Ya share fuskarsa da hannun riga, ya dubi rana, ya ce la'asar ta yi. Muka yi alwala da sauran ruwan. Na tsaya ina waige-waigen inda ya dace, ya ce, "Ma'aikatar mai ce, Alaramma, ba ka salla a kasuwa?" Muka share wani fili a gefe. Ya ce in ja mu, na ce shi ne babba. Ya ja. Muryarsa ba ta fita sosai a kabbara.

Bayan salla muka kama hanyar komowa. Asabar ya sayo maganin idon da bargo biyu. Lahadi ya raka ni tasha, ya ɗora mini jaka, ya ce, "Ka gai da gida." Na jira ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Na yi kwana goma sha ɗaya a hanya ina zargin kaina, ina cewa da na faɗi kalmomin nan da yanzu yana gefena.

Da na yi sallama a gida Inna ta amsa, ta miƙe, ta tsaya tana sauraron bayana. Na ga yadda ta karkata kunne wajen zaure. Da ta ji babu wasu sawun sai ta ce, "Sannu da hanya. A kawo masa ruwa." Na ce mutumin yana gaishe ta. Ta ce madalla. Ba ta sake tambaya ba, ni kuma ban iya ba ta labarin komai ba.

Bazara ta wuce, muka kai taki, ruwa ya sauka, muka yi shuka. Gero ya kai tsayin tafin hannu, har mun fara noman fari. Wata ranar kasuwar Ɗambatta da hantsi na dawo gida ɗaukar fartanya, sai matar maƙwabcinmu ta leƙo ta katanga ta ce, "Wai ba yayanku na gani ya sauka daga mota ba? Ya shiga gidan Baffanku da jakarsa." Ban san abin da suka ce da juna ba, bai taɓa gaya mini ba. Ya yi kusan awa ɗaya a can.

Inna tana gindin ɗakin girki tana matsar mai lokacin da ya yi sallama. Hannunta ya tsaya a kan tunkuzar. Ta amsa ƙasa-ƙasa. Ya zo ya durƙusa nesa kaɗan ya gaishe ta, ta amsa tana kallon kwano. Sannan ta ce da ni, "Ka ce wa baƙon ya matso daga rana." Babu rana a inda yake. Ya matso har gwiwarsa ta kusa taɓa dutsen. Ta ɗago kai kamar mai duba hadari, ta bi ta kan fuskarsa da idon dama a hankali, ta mayar ƙasa.

"Har da furfura," ta ce da kwanon.

Sai na ce bari in ba ta labari. Na ce a can mun ga inda Rumawa suke matsar mai, dutsen ya yi girman tabarma.

"Rumawa? Na wajen Katsina? Ikon Allah, har can suka je?"

Yaya ya ƙyalƙyale da dariya. Na yi ƙoƙarin in bayyana mata wasu Rumawan ne daban, na zamanin da, ta ce ita dai ta san mutanen Ruma da tafiye-tafiye. Muka bar ta a haka. Yaya ya karɓi labarin, yana kwatanta mata gungumen da hannu, yana faɗa wa iska don kar ya zama da ita yake. Tana saurare tana matsa. Can ta manta, ta juya gare shi kai tsaye.

"To tunkuzar fa? Me suke yi da ita?"

"Ƙonawa ake yi, Inna. Ko a ba dabbobi."

"Ba ƙuli?"

"Ba ta yin ƙuli."

"Kai, asara. Duk wannan dutse ba ƙuli." Ta girgiza kai, ta tura masa kwanon da gefen hannu. "Riƙe nan, kar ya zube."

Ya riƙe. Damina goma sha shida muka yi tare bayan wannan, kuma Inna ta ga fuskar 'yarsa ta fari kafin idon ya rufe.